Yadda Za Ka Riƙe Matsayinka a Tsohon Wasan Ban Dariya na Dandamali

Yawancin matasan da ke shiga harkar wasan kwaikwayo a Kano a yau da kyamara suka fara, ko dai a masana'antar fina-finai ko kuma a gajerun bidiyon da ake ɗauka da waya. Saboda haka ranar da ƙungiya ko makaranta ta ba ɗayansu matsayi a wani tsohon wasan ban dariya da za a yi a gaban jama'a, sai ya tarar cewa rabin abin da ya iya ba shi da amfani a wurin. A kan dandamali ba a tsayawa a sake ɗauka, babu mai tace hoto da zai yanke inda aka yi tuntuɓe, kuma mutanen da ake so su yi dariyar suna zaune a gabanka suna kallon ƙwayar idonka. Wannan bayani na wanda aka ɗora wa irin wannan nauyi ne, ko a ɗakin taron makarantar sakandare za a yi wasan, ko a Jami'ar Bayero, ko a farfajiyar Gidan Ɗan Hausa. Ginshiƙinsa guda ne: mutumin da kake kwaikwayo bai san abin dariya yake aikatawa ba, don haka kai ma kada ka nuna ka sani.

Tsofaffin wasannin da nake nufi su ne rubutattun wasannin da aka buga a Zariya daga shekarun 1950 zuwa na 1970, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da kuma waɗanda aka juyo daga wasu harsuna, kamar Daren Sha Biyu da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassaro daga wasan Shekisfiya na Ingila. Ba dukansu ne barkwanci tsantsa ba, amma a cikinsu ne ake samun mutanen da ke ba da dariya saboda halinsu: mai rowa, mai ji da kai, mai gulma, mai ƙaryar arziki, da baƙauyen da yake ganin ya fi 'yan birni wayo.

Fara da gano abin da ke damun mutumin

Ka karanta wasan gaba ɗayansa kafin ka ja layi a ƙarƙashin maganganunka. Ɗan wasan da ya san nasa kason kawai yakan shigo fitowa ta uku da zafin da ya kamata ya ajiye sai ta bakwai, domin bai san inda labarin ya dosa ba. Yayin da kake karatun, tambayoyi biyu za ka riƙe a zuciyarka game da mutumin da aka ba ka: me yake nema a wannan fitowa, kuma me yake tsoron a gane game da shi? Kusan duk dariyar tsohon wasa a tsakanin waɗannan biyu take zaune.

Ga misali. A ce kai ne mai gida marowaci, an kawo maka akushin tuwo da miya a zaure, ka wanke hannu ke nan sai ka ji sallamar kawunka. Ba ka son ya ci, ba ka kuma isa ka hana shi ba, saboda haka ka jawo akushin ka rufe shi da babbar rigarka a kan cinya, alhali yanzu aka kwashe tuwon. Kawu ya zauna ya fara gaisuwa irin ta manya, wadda ba a gaggauta ta.

"Ya iyali, ɗan nan?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Ya mai ɗakin taka, ta ji sauƙin ƙafar?"

"Da sauƙi, Kawu, alhamdu lillahi."

"To madalla. Ya kuma kasuwa?"

Sabon ɗan wasa zai fara zare ido ga 'yan kallo, yana gatsine, yana fifita cinyarsa da hannu, don kowa ya gane cewa yana ƙonewa. Za a yi dariya kaɗan, ta mutu nan take, domin ya riga ya ba da duk abin da yake da shi a gaisuwa ta farko. Ƙwararre kuwa ƙoƙari zai yi da gaske ya ɓoye zafin, kamar yadda marowaci na haƙiƙa zai yi: ya gyara zama a hankali, murmushinsa ya ɗan bushe, amsarsa ta riƙa gajarta, muryarsa ta ɗan hau sama a kan kalmar "Kawu" ba da son ransa ba. 'Yan kallo sun ga lokacin da aka ɓoye akushin, sun san zafin tuwo, ba sa buƙatar a tuna musu. Abin da ke sa su tuntsirewa shi ne kallon mutum yana ƙoƙarin tsare mutuncinsa a halin da mutuncin ba zai tsaru ba, kuma duk tambayar da Kawu ya ƙara, dariyar ƙaruwa take yi.

Haka abin yake a wasan da aka juyo daga waje. A wasan Shekisfiya da aka ambata akwai babban baran gida mai girman kai, wanda aka yaudara da wasiƙar ƙarya har ya gaskata cewa uwargijiyarsa na son sa, ya fito gabanta sanye da safa ruwan ɗorawa yana ta murmushi. Idan ka fito a wannan matsayi kana wasa da safar don a yi dariya, ka ɓata fitowar. Dole ne ka shigo da yaƙinin cewa yau ce ranar da Allah ya ɗaukaka ka, kana jin ka fi kowa kyau a gidan. A ganina wannan ne ya sa matsayin wawa ya fi na jarumi wahala, domin yana buƙatar ka ƙaunaci mutumin da kowa zai yi wa dariya, ka kuma tsaya masa har ƙarshe.

Zamanin da wasan ya fito

Tsohon wasa yana ɗauke da duniyar da ta wuce, kuma wajibi ne ka san ta. Za ka ci karo da fam da sule da sisi da taro, kuɗin da aka yi amfani da su kafin naira ta shigo a 1973. Za ka ji ana ambaton En'e, wadda ƙananan hukumomi suka maye gurbinta a 1976, da 'yan doka, da kotun alƙali irin ta da. Idan mutumin da kake kwaikwayo ya tayar da gari a kan sule biyu, ka nemi dattijo ya faɗa maka abin da sule biyu ke saye a wancan lokaci, domin da wannan ne za ka san ko rigimar tasa tana da dalili ko kuwa tsabar rowa ce, kuma wasan da za ka yi a halin farko daban yake da na biyun. Ban goyi bayan a mayar da sule naira ko a cusa zancen waya da intanet don a burge matasa ba. Za a iya samun shewa sau ɗaya, amma daga nan 'yan kallo sun fita daga zamanin wasan, kuma komar da su yana da wuya.

Harshen ma haka yake. Mutanen waɗannan wasanni suna faɗa da karin magana da habaici da zambo, kuma karin maganar da ba ka fahimci inda ta dosa ba, ba za ka iya jefa ta daidai ba. Ka zauna a majalisar dattawa a cikin gari, ko a bakin rumfunan tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi, ka saurari yadda suke sako karin magana a tsakiyar zance ba tare da sun canza murya ko sun tsaya jiran yabo ba. Wannan sauƙin ne ake so a bakinka.

Hadda da ƙari

Mu Hausawa gadonmu na wasa na baka ne. Yaran da ke tashe daga goma ga watan azumi, da Nalako, sarkin gwagwaren Kano, da jama'arsa a tashen gwauro, da 'yan kama masu juya wa'azi da waƙa su koma zancen abinci, babu mai riƙe takarda a cikinsu. Wasannin talabijin da aka taso da su a Kano, har da na gidan CTV da aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Rimi wanda yanzu ake kira ARTV, da yawansu a kan wannan tafarki suka ginu, inda ake ba ɗan wasa gundarin labari shi kuma ya cika da bakinsa. Baiwa ce babba, kuma za ta cece ka ranar da wani ya manta maganarsa. Amma rubutaccen wasa an riga an auna shi. Marubucin ya ajiye kalmar da ke tayar da dariya a ƙarshen jimla da gangan, kuma idan ka ƙara "ka gane ko" ko "wallahi kuwa" a bayanta, ka binne ta. Ka haddace maganarka yadda aka rubuta ta. Idan kana da ƙarin da kake ganin zai yi armashi, ka kawo shi a wurin gwaji, darakta ya gani, abokan wasanka su san da shi, sannan a tsayar da shi ya zama ɓangaren wasan.

Tare da naka, ka haddace ƙarshen maganar duk wanda kake amsa wa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya tsakanin tambaya da amsa, idan ba da niyya aka yi shi ba, ya isa ya sanyaya cacar baki mai zafi.

Murya da jiki

Ka ɗauka cewa babu makirfo, ko da an yi maka alkawarinsa, domin wuta na iya ɗaukewa kuma janareta na da ƙarar kansa. Ka koyi fitar da murya daga ciki, kana cika huhu ta yadda cikinka ne zai taso ba kafaɗunka ba, sannan ka sa wani ya tsaya a layin ƙarshe na ɗakin yana ɗaga hannu duk lokacin da kalma ta ɓace masa. Abin da ya fi ɓacewa shi ne gaɓar ƙarshe ta jimla, wadda ita ce mai ɗauke da dariyar. Ihu ba ya magance wannan, yana ma ƙara lalata shi, domin mai ihu yakan baje karin sauti ya gajarta dogon wasali, kuma Hausa ba ta fahimtuwa idan waɗannan suka rushe. Idan lokacin hunturu ne, ƙura da bushewar iska suna dishe murya da wuri, don haka ka riƙa shan ruwa mai ɗumi, ka kuma rage surutu a ranar wasa.

Game da jiki, kada ka ba jama'a baya yayin da kake magana mai muhimmanci, kuma idan kuna zance ku biyu, ku ɗan karkato ta yadda za a ga fuskokinku. Akwai wata matsala da ta keɓanta da wasanninmu: yawancin fitowa a zaune ake yin su, a kan tabarma a zaure ko a tsakar gida. Idan dandamalin ba shi da tudu sosai, duk wanda ya wuce layi na uku kan mutanen gabansa kawai zai gani. Ku gwada wannan tun da wuri, ku ɗora tabarmar a kan wani abu mai tsayi, ko ku nemo wa mutanen wasan dalilin miƙewa a wuraren da fuska ke da aiki. Durƙuso da cire takalmi da sunkuyar da kai a gaban babba kuwa, ka yi su cikakku. Da su ake gane wane ne sama da wane, kuma yawancin barkwancin tsofaffin wasanni a kan wannan bambanci yake tafiya.

Yadda ake zama da dariyar jama'a

Wannan shi ne abin da gwaji ba zai koya maka ba, domin a wurin gwaji 'yan ƙungiya sun ji barkwancin har ya daina ba su dariya. Dariyar taro tana tasowa, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara sauka, kamar tukunyar da ta tafaso aka janye mata itace. Idan ka ci gaba da magana tana kan tashi, ba wanda zai ji ka, kuma mafi muni, jama'a za su koyi danne dariyarsu don kada zance ya wuce su, sai ka ga ɗakin ya yi sanyi a sauran wasan. Idan kuma ka jira har ta mutu ƙurmus, wasan ya tsaya cik, sai ka sake tayar da shi daga tushe. Wurin shiga shi ne lokacin da ta fara sauka amma ba ta ƙare ba, kuma ka shiga da ɗan ƙarin ƙarfi a kalmar farko don ka karɓe ɗakin.

Tambayar da ke biyo baya ita ce me za ka yi yayin jiran. Kada ka daskare kana kallon jama'a, kada kuma ka ƙirƙiro sabon motsi na ban dariya. Ka ci gaba da zama cikin halin mutumin: marowacin nan yana nan yana fama da zafin akushi, Kawu yana nan yana gyara carbinsa yana tunanin tambaya ta gaba. A wurinsu babu wanda ya yi dariya, zancensu ne kawai ya ɗan tsaya.

'Yan kallon Kano ba masu shiru ba ne. Za a yi maka tsawa daga baya, wani ya tona wa Kawu asirin inda tuwon yake, wata ta ja wa marowaci Allah ya isa, yara su matso har bakin dandamali. Wannan alama ce ta cewa wasan ya kama su, kuma ba ya buƙatar amsa. Da zarar ka mayar wa mutum ɗaya magana, goma za su nemi tasu, kuma wasan ya tashi daga hannun marubuci ya koma hira tsakaninka da masu baki. Inda aka rubuta cewa mutumin zai juyo ya yi wa jama'a magana a asirce, ka yi ta kai tsaye, ka zaɓi sashe ɗaya na ɗakin ka faɗa musu kamar amintattunka, sannan ka koma cikin fitowar ba tare da ka jira sakamako ba.

Akwai kuma ranar da wurin da kuka tabbata za a yi dariya zai wuce shiru. Kada ka maimaita maganar, kada ka ƙara mata gishiri. Ka wuce. Sau da yawa dalilin ba ya cikin maganar kanta, yana cikin abin da ya gabace ta, wataƙila wanda ya kamata ya share mata hanya ya haɗiye kalmarsa, ko wani ya motsa a daidai lokacin ya janye idon jama'a. Idan kuwa kai ne dariya ke neman kuɓuce wa, ka saki numfashi a hankali, ka kawar da idonka daga fuskar abokin wasanka zuwa kafaɗarsa, ka mayar da hankalinka ga abin da mutuminka yake tsoro.

Abokan wasa da iyakokin raha

Dariya ta mutum biyu ce, mai shimfiɗa da mai ɗorawa. Wanda ya fito a Kawu, wanda bai faɗi ko kalma ɗaya ta ban dariya ba, shi ne ya riƙe rabin fitowar da natsuwarsa. Idan wannan matsayi aka ba ka, kada ka raina shi, kuma kada ka nemi naka rabon ta hanyar soshe-soshe da wasa da hula yayin da wani yake kan maganarsa. Idon jama'a yana bin abin da ke motsi, saboda haka duk motsin da ka yi a kan kalmar wani sata ce.

A fitowar miji da mata, al'adarmu da ƙa'idar da aka saba da ita a wasannin Kano, musamman tun bayan kafa hukumar tace fina-finai ta jiha a 2001, ba su yarda a taɓa juna ba. Ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ga barkwanci ba. Matar da ta dire kwano da ɗan ƙarfi a gaban mijinta, ta ce "Ga shi nan, Malam" cikin ladabin da kowa ya ji akwai wuta a ƙarƙashinsa, ta koma bayan labule tana habaici da kishiyarta, ta fi mai kokawa ba da dariya nesa ba kusa ba. 'Yar wasa ta koyi aiki da mayafi, da harara, da tsayawa a bakin ƙofa, da irin shirun da ke sa miji ya fara kame-kame.

Dangane da abin da ake yi wa dariya, Hausawa sun daɗe da shata inda wasa yake halal: tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa. Idan wasan ya taɓo waɗannan, ka yi su da sakin fuska, kowa ya san gidansu. Amma inda mutuminka malamin tsibbu ne mai damfara ko alƙali mai karɓar toshiyar baki, ka tabbata halin mutumin kake fallasawa, kada ka kwaikwayi karatun Alƙur'ani ko wata ibada don raha. Haka nan in'ina ko gurguntaka ko makanta ba su ne abin dariya ba, kuma ɗan wasan da ya jingina da su ya nuna cewa bai samo komai a halin mutumin ba.

Kaya da ranar wasa

Ka nemi kayanka da wuri. Akushi da ludayi da buta da tabarma ana samunsu a Kurmi, tsofaffin kwat da takalma irin na ma'aikacin En'e a gwanjon Ƙofar Wambai, yadi kuma a Kantin Kwari. Sabuwar shadda mai ƙyalli ba ta dace da talakan shekarun 1960 ba, gara rigar da ta sha wanki. Ka yi gwaji da kayan a jikinka sau da dama, domin saɓa babbar riga a kafaɗa da zama da ita ba tare da ka taka ta ba abu ne da ake koya, kuma rawanin da ba a naɗa da kyau ba yakan warware a tsakiyar fitowa ya jawo dariyar da ba a nema ba. Gemun auduga irin na 'yan tashe yana mayar da mutum abin wasa tun kafin ya buɗe baki. Idan tsufa ake so, ɗan farin gari a gashi da sauyin tafiya sun wadatar.

Ku san tsawon wasanku da agogo, ku ƙara masa lokacin da dariya za ta ci, domin idan an fara bayan la'asar dole ne a kammala kafin magariba, in ba haka ba jama'a za su watse a daidai inda ƙullin labari yake warwarewa. A ranar, ka isa da wuri, ka taka dandamalin, ka gwada muryarka a ɗakin, ka duba da idonka cewa kowane kaya yana inda za ka ɗauke shi. Bayan an tashi, ku zauna da darakta tun abin yana sabo, ku bi fitowa ɗaya bayan ɗaya ku rubuta inda aka yi dariya da inda aka yi shiru. Idan akwai wasa na biyu washegari, ka kula da wuraren da suka fi karɓuwa, domin a nan ne zuciya za ta raya maka ka ƙara girman motsi ko ka ja maganar don ka sami fiye da na jiya. Ka yi su daidai gwargwadon yadda ka yi su a karon farko, ka mayar da gyaranka ga fitowar da ta wuce shiru.